Tambaya ga masana: mi ƙwayoyin halitta ka ci a ƙasan teku inda ba rana, ruwan kuma ya hi na kanwa kaihi?

Ɗan_Mabera:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure, manya da ƙanana barkanmu da war haka. Ni ɗalibi na, aji biyu nike a sashen nazarin ƙananan halittu, kuma akwai abin da yat tsaya min a rai nike son a warware min.

An koya muna cewa a ƙasan teku akwai wuraren da ruwan zahi ka ɓulɓulowa daga cikin dutse kuma akwai baktiriya da ka rayuwa a gun. Wanda nis sani shi na mai baƙin hayaƙin nan da aka nunawa a YouTube, wanda narkakken dutsen ƙarƙashin ƙasa ka dahwa ruwanai. To sai nig ga wani bidiyo na daban, wasu hwararen hasumiyoyi dogaye tsaye cikin duhu ba hayaƙi ba komi, anka ce ruwan da ka hitowa cikinsu pH ɗinai, ma'aunin tsami da kaihi ke nan, har 11 yaka kaiwa, kuma wai ba aman wuta ka ɗumama shi ba. Nan kaina yaɗ ɗaure. In ba wuta to mi ka ɗumama ruwan? Na biyu, wanda yah hi damuna, mi suka ci? Mu dai tun hiramare an ce muna dut abinci daga rana yaka hwarawa, ganye shi kama haske, akuya ta ci ganye, mu mu ci akuya, can ko ba rana ba ganye. Sannan pH 11 hwa, mu a lab in za mu haɗa abincin renon baktiriya 7 muka nema, in yaw wuce 9 mahi yawansu ba su ko tsirowa.

Don Allah wanda yas sani shi yi min bayani da Hausa yadda ko tsohuwata nim maimaita mata za ta gane. Allah shi saka da alheri.

Mai_Burtsatse:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ni ilimin duwatsu na karanta, yanzu haƙar rijiyar burtsatse nake yi tsakanin Sakkwato da Kabi, don haka ɓangaren dutse da ruwa zan ɗaukar maka, na ƙwayoyin kuma akwai waɗanda suka fi ni a nan.

Wurin da ka gani sunansa Lost City, yana tsakiyar tekun Atlantika a kan wani ƙaton tsauni na cikin ruwa da ake kira Atlantis Massif, zurfin wajen mita 700 zuwa 800. A watan Disamba na 2000 aka gano shi, kuma ba shi aka je nema ba, masu bincike ne a jirgin ruwa mai suna Atlantis suna ɗaukar hoton tsaunin da kyamara sai ga fararen gine-gine sun bayyana, daga baya suka sauka da ƙaramin jirgin nutso Alvin suka gani da idonsu. Cikinsu akwai Deborah Kelley ta Jami'ar Washington, wadda ta daɗe tana jagorantar binciken wurin. Hasumiyar da ta fi tsawo sun sa mata suna Poseidon, tana kai mita 60, ka ƙiyasta bene mai hawa wajen 20 ke nan, kuma ba wanda ya gina ta sai ruwa.

Yanzu bambancinsa da mai baƙin hayaƙi, don nan mutane ke rikicewa. Mai baƙin hayaƙin an fara ganinsa a 1979 a gabashin tekun Pasifik, shi yana zaune ne daidai kan inda narkakken dutse ke kusa, ruwansa na kai digiri 350 har sama, mai tsami ne, cike da ƙarfe da salfa, da ya haɗu da ruwan sanyi sai ya yi baƙi. Lost City kuwa yana gefe, kamar kilomita 15 daga tsagar da ƙasan tekun ke buɗewa, ba narkakken dutse a ƙarƙashinsa. Ruwansa digiri 40 zuwa 90 ne kawai, garai-garai, pH 9 zuwa 11. Ga wanda bai san ma'aunin ba, 7 shi ne tsakiya, ƙasa da haka tsami kamar lemun tsami, sama da haka kuma ɓangaren kanwa da ruwan toka. Ruwan teku wajen 8 yake, jiƙaƙƙiyar kanwa wajen 10, kuma kowane taki ɗaya ninki goma ne, ba ƙari ɗaya ba.

To mi ke ɗumama shi. Tsaunin nan ba irin dutsen da muka saba gani a sama ba ne, dutsen can ciki ne na ƙarƙashin ɓawon duniya wanda motsin ƙasa ya jawo shi sama, mai ɗauke da wani ma'adini kore da ake kira olibin. Shi olibin a can ciki aka yi shi inda ba ruwa, don haka da ruwan teku ya sulala ta cikin tsagogi ya same shi sai su fara aiki da juna. Ƙarfen da ke cikin olibin ya fizge oksijin ɗin da ke cikin ruwa, ka san ruwa haidurojin ne da oksijin, to in aka ƙwace oksijin sai haidurojin ya zama ba shi da abokin zama, ya fita a matsayin iska narke cikin ruwan. Dutsen kuma ya rikiɗe ya koma wani iri mai santsi da ake kira safantin, ya kumbura, kumburin ya ƙara tsaga shi, ruwa ya ƙara samun hanyar shiga, abu ya yi ta tafiya. Wannan haɗuwar ita kanta tana fidda zafi, ga kuma sauran ɗumin da tsaunin ke riƙe da shi tun daga ciki, su biyun ke ɗumama ruwan. Ita ce kuma ke maida ruwan mai kaifin kanwa.

Ruwan in ya taso sama yana ɗauke da kalsiyam mai yawa, da ya haɗu da ruwan teku mai sanyi sai farar ƙasa ta kwanta, kaɗan-kaɗan har ta zama hasumiya. Ma'adinin da ke cikinta iri ɗaya ne da na dutsen da ake fasawa a Kalambaina ana yin siminti, sai dai namu daga ɓawon halittun ruwa ya taru. Eh, na ruwa, don Sakkwaton nan da muke kukan zafi da ƙura teku ya taɓa rufe ta shekaru sama da miliyan 60 da suka wuce, har akwai wani ƙaton dabban teku da aka tono ƙasusuwansa aka sa masa sunan Goronyo, Goronyosaurus. Wannan zance ne na wata rana.

Abin da ni ya fi burge ni shi ne daɗewar wurin. Awon farko ya nuna ya yi aƙalla shekara 30,000 yana ɓulɓula, awon da aka sake daga baya ya kai shi 120,000. Tunda ba wuta yake jira ba, muddin akwai olibin da ruwa zai ci gaba, halittun da ke ciki sun samu gida mai dogon zama ke nan.

Ummu_Gidan_Igwai:

Ikon Allah. Malam to waɗannan jajayen tsutsotsin masu tsawo da nika gani a talabijin, waɗanda anka ce ba su da baki ba su da hanji, a nan suke su ma? Yarana sun sha tambayata yadda suka cin abinci.

Mai_Burtsatse:

A'a Hajiya, su na wancan ɓangaren ne mai salfa, a tekun Pasifik. A 1977 aka fara ganinsu kusa da tsibiran Galapagos a zurfin wajen mita 2,500, suna kai mita 2 a tsawo. Gaskiya ne ba baki ba hanji, baktiriya ne cike a cikin jikinsu, tsutsar na ɗebo musu salfa da oksijin da jan gashin nan na kanta, su kuma su haɗa abinci su ciyar da ita. Colleen Cavanaugh ce ta bayyana haka tun tana ɗaliba a Harvard, a 1981 aka buga. A Lost City ba za ki ga irin wannan taron ba, dabbobin wurin ƙanana ne, 'yan dodon koɗi da 'yan jatan lande mafi yawansu ba su kai santimita ɗaya ba kuma jikinsu kusan garai yake, sai an duba da kyau. Masu gidan na gaskiya ido ba ya ganinsu.

Malamar_Lab:

Salam. Malam Mai Burtsatse Allah ya ƙara basira, ka share min fage. Ɗana na Mabera, tambayarka ta biyu da ta uku nake so in zauna a kansu domin a nan daɗin abin yake.

Ka fara raba abu biyu da muke haɗawa mu kira abinci. Kowace halitta tana buƙatar makamashi, wato ƙarfin yin aiki, tana kuma buƙatar kabon da za ta gina jikinta da shi. Mu a tuwo ɗaya muke samun duka biyun shi ya sa ba mu lura. Ganye kuwa makamashinsa daga rana, kabon ɗinsa daga iska. To su na Lost City makamashinsu haidurojin ɗin nan ne da Malam ya ce dutse na saki, ga kuma iskar mitan, irin wadda ke ci da wuta a tukunyar gas ɗin kashin shanu, wadda a can mafi yawanta ma ba halitta ce ta yi ta ba, dutse da ruwa ne suka haɗa ta. Haidurojin abinci ne mai kyau ƙwarai ga wanda ya iya cinsa, kuma a can yana da yawa har ya fi ƙarfin masu ci. Don haka yunwar makamashi ba ta cikin matsalarsu ko kaɗan.

Matsalarsu kabon ce, kuma mutane da yawa ba su kawo wannan a rai, sai su ɗauka duhu ko zafi ko nauyin ruwa ne babban abin. Digiri 90 ba wani abu ba ne a wurin ƙwayoyin da ke son zafi, akwai wadda aka rena a digiri 122. Amma a pH 10 ko 11 kuma ga kalsiyam, duk kabon-dayoksaid ɗin da ya shigo nan take zai koma dutse ya manne a bango. Wato hasumiyar nan da suke zaune a cikinta, da kabon ɗin da suke nema aka gina ta, yana kewaye da su ta ko'ina amma a kulle.

Wadda ta fi yawa a cikin hasumiyoyi masu zafi inda ba oksijin ba baktiriya ba ce ma, arkiya ce, wata irin ƙwayar halitta mai kama da baktiriya amma rukuninta daban, ka tuna darasin rukunoni uku na halittu. 'Yar dangin Methanosarcinales ce, dangin nan masu yin mitan da ke da 'yan uwa a tumbin saniya da cikin ramin gas. Tana yin yauƙi-yauƙi ta lulluɓe ramukan cikin dutsen, kuma a wasu wuraren kusan ita kaɗai ce arkiyar da ake samu, abin da ba a cika gani ba, don yawanci in ka ɗebo ƙasa ko laka ɗaruruwan iri za ka tarar suna cakuɗe. William Brazelton da abokan aikinsa sun duba yauƙin nan da madubin lantarki suka ga ƙwayoyi masu siffa daban-daban alhali jinsi ɗaya ne, kuma alamu sun nuna a cikin taron akwai yin mitan akwai kuma cinye shi. A hasumiyoyin da suka tsufa suka huce kuwa sai wata arkiyar daban mai cin mitan, da ake kira ANME-1, ta karɓi wurin. A bayan bango inda ruwan teku mai oksijin ke taɓawa nan kuma baktiriya ne irin su Thiomicrospira da masu cin mitan da oksijin. Tazarar 'yan santimita kaɗan amma kowa da unguwarsa, gwargwadon zafi da pH da abin da ke isowa.

To ina suke samun kabon. Cikin abubuwan da dutsen ke haɗawa akwai wani ɗan ƙaramin sinadari mai kabon ɗaya da ake kira fomet, shi ba ya komawa dutse, yana nan narke a ruwa. Binciken Susan Lang da abokanta da ya fito a 2018 ya nuna cewa baktiriya masu shaƙar salfet, wani sinadarin salfa da ke narke a ruwan teku, maimakon oksijin su ne ke iya cin fomet ɗin, in sun ci sai su saki kabon-dayoksaid, ana kuma zaton arkiyar da ke kusa da su ce ke cafke shi kafin ya zama dutse. In haka ne, ka ga dalilin da ya sa suke cunkushe cikin yauƙi ɗaya, wanda ya yi nisa da maƙwabcinsa ba zai samu ba. Ni wannan ya fi tsawon hasumiyar ba ni mamaki wallahi.

Saura kaifin ruwan. Sirrin shi ne ba su barin cikinsu ya zama kamar waje. An fi sanin yadda abin ke aiki daga baktiriyar da ake iya renonta a lab, kamar Bacillus pseudofirmus, wadda in waje na 10.5 cikinta na tsayawa wajen 8.3. A fatarta akwai wasu 'yan ƙofofi masu musanya, su tura sodiyam waje su jawo furoton, wato ɗan ɓurɓushin haidurojin da ke kawo tsami, ciki, dare da rana ba hutu, ga kuma bango mai ɗauke da sinadarai masu tsami da ke taimakawa wajen riƙe furoton kusa da jiki. Aiki ne mai cin makamashi sosai, kuma ka tuna injin da ke haɗa ATP, sinadarin da ƙwayar halitta ke ajiye makamashi a cikinsa, da shigowar furoton daga waje yake juyawa, a ruwan kanwa kuwa furoton ɗin ne ya yi ƙaranci, shi ya sa wasunsu ke juya nasu injin da sodiyam, wanda teku ba ta rasa shi.

Kuma kada ka ɗauka sai ka je Atlantika za ka ga masu son kanwa. Ka je marina ka tsaya bakin rami. Baba da toka da katsi ake zubawa a bar su kwanaki, ruwan ya yi kaifi, ya fara wari yana kumfa mai shuɗi-shuɗi da ƙyalli a sama, marini ya ce baba ya nuna. Baktiriya masu jure kaifi ne suka cinye iskar ramin suka narkar da shunin har ya iya kama zare, shi ya sa zane ke fitowa kore-kore sai ya sha iska ya koma shuɗi a gaban idonka. Garin sabulun wanki ma sinadaran da ke cin dattin maiƙo da na jini a cikinsa, da yawa daga irin waɗannan baktiriya aka samo su.

Gyara ɗaya zan yi wa masu cewa wurin ba ruwansa da rana kwata-kwata. Masu amfani da oksijin a can, da dodon koɗin da sauransu, oksijin ɗin daga tsirran sama ya gangaro, don haka suna cin albarkacin rana a fakaice. Masu haɗa haidurojin da kabon su fidda mitan, su ne za a ce nasu daga dutse yake.

Ɗan_Mabera:

Malama Allah shi biya ki, wallahi yau nig gane abin da aka nuhi da musanyar sodiyam ɗin nan, da haddace shi kawai niy yi. Malam Mai Burtsatse kai ma na gode ƙwarai. To akwai wata, a ƙarshen bidiyon sun ce wai a irin wanga wuri rayuwa tah hwara a duniya. Wanga tabbas na ko hasashe?

Dattijon_Kanwuri:

Yaro ka yi tambaya mai kyau amma a bi ta a hankali. Mu abin da munka sani Allah shi na mahalicci, kuma Ya hwaɗa a suratul Anbiya aya ta 30 cewa daga ruwa Yas sanya dukkan abu mai rai. Ban hana kowa bincike ba, ni kaina na zauna na karance bayanin Malama har ƙarshe kuma imanina ƙaruwa yay yi, halittar da ido bai gani an aje mata abincinta cikin dutse a ƙasan teku tun ba a yi kakanninmu ba. Abin da nika jan kunnenku da shi ɗiyana, in masana sunka ce muna zato, ku riƙe shi a zato, kar ku ɗauko shi ku kai aji ko majalisa ku ce an tabbatar.

Malamar_Lab:

Baba ranka ya daɗe maganarka daidai ce, kuma su masu binciken na kirki haka suke faɗa, hasashe ne da ake gwadawa, ba wanda ya haɗa rai a kwalba. Amma hasashe ne mai nauyi kuma ga dalilin da ya sa ake girmama shi.

Wani masanin sinadaran duwatsu ɗan Birtaniya, Michael Russell, tun ƙarshen shekarun 1980 yake rubuta cewa ya kamata a ce akwai maɓuɓɓugai masu ɗumi da kaifin kanwa a ƙasan teku, kuma irinsu ne suka dace da mafarin rayuwa, ba masu baƙin hayaƙi ba da zafinsu ya yi yawa. A lokacin ba wanda ya taɓa ganin irinsu a zurfin teku. Sai ga Lost City a 2000 kusan yadda ya siffanta. A kimiyya in mutum ya faɗi abu kafin a gani sannan aka gani, dole a saurare shi.

Hujjar tasu ita ce, tekun farkon duniya wajen shekara biliyan 4 da suka wuce ba oksijin a cikinsa, cike yake da kabon-dayoksaid da narkakken ƙarfe, don haka ya ɗan yi tsami. Ruwan maɓuɓɓuga kuma mai kaifi ne ɗauke da haidurojin. Tsakaninsu siririn bango mai ƙananan ramuka da ma'adinan ƙarfe da salfa. Tsami a waje, kaifi a ciki, furoton na son kutsawa ciki, to ɗana wannan ba shi ne abin da ke faruwa a fatar ƙwayoyin halitta da yawa ba, har da mitokondiriyar jikinka, 'yan gidajen haɗa makamashi da ke cikin ƙwayoyinka, yanzu haka? Shi ne wasu masana biyu, William Martin da Nick Lane, suka ce wataƙila halitta ta tarar da wannan bambancin a shirye ne a dutse kafin ta koyi yin nata. A 2016 rukunin Martin suka bi diddigin ƙwayoyin gado suka ware 355 da suke ganin na tsohuwar kakar ƙwayoyin halitta ne, suka ce siffar da ta fito ta mai son zafi ce, mai gudun oksijin, mai cin haidurojin da kabon-dayoksaid. Wasu masanan sun soki hanyar da aka bi wajen zaɓen.

Masu ja da hasashen ma ba ƙananan mutane ba ne. David Deamer yana ganin tafkunan ruwan zafi na kan tudu sun fi dacewa, don a can abu na jiƙewa ya bushe ya sake jiƙewa kuma bushewar ce ke sa ƙananan sinadarai su sarƙu su yi tsawo, a ƙasan teku kuwa ba bushewa. John Sutherland a Kambirij ya nuna hanyoyin haɗa tubalan RNA, sinadarin nan mai ɗauke da saƙon gado kamar DNA, hanyoyin kuma na buƙatar hasken rana mai ƙuna, wanda ba ya isa can ƙasa. Ga kuma RNA ita kanta ruwa mai kaifi na tsinka ta. Ni a nawa ganin ɓangaren maɓuɓɓuga sun fi ƙarfi a tambayar ina makamashi ya fito, ɓangaren tudu sun fi ƙarfi a tambayar yaya tubalan suka haɗu, kuma a jarrabawa in an tambaye ka ka kawo duka biyun.

Mai_Burtsatse:

In ƙara wani abu kan na Malama. Wannan aikin na dutse da ruwa ba Atlantika kaɗai ba ne. Akwai irinsa a mashigin Prony na Sabuwar Kaledoniya a ruwa marar zurfi da mai nutso zai iya kaiwa, akwai a duwatsun Oman a kan tudu inda ruwa ke fitowa da pH sama da 11. Kumbon Cassini kuma a Oktoban 2015 ya ratsa ta cikin feshin da ke fitowa daga Enceladus, wani ƙaramin wata na duniyar Zuhal mai teku a ƙarƙashin ƙanƙara, aka samu haidurojin a ciki, aka sanar a 2017. Ba a ce an ga halitta ba, abincin dai aka gani. A 2023 kuma jirgin haƙa JOIDES Resolution ya haƙa kusa da Lost City ya zaro dutse mai tsawon mita 1,268 daga cikin tsaunin, ni da na san wahalar haƙa mita 100 a tudu na san abin da wannan ke nufi, balle daga kan jirgi yana rawa bisa ruwa.

Na kusa da mu kuma, a ƙauyen Burakebugu na ƙasar Mali masu haƙar rijiya a 1987 sun ci karo da iska maimakon ruwa, daga baya aka auna aka ga kusan kashi 98 cikin 100 haidurojin ce, har aka sa janareta ya ba ƙauyen wuta da ita. Yanzu kamfanoni na yawon neman irin wannan iskar a duniya. Damuwata ɗaya, masu neman ma'adinai sun fara sa ido kan ƙasan teku, hukumar da ke kula da shi mai ofis a Jamaika ta ba Poland lasisin bincike a yankin da ya haɗa da Lost City. Abin da ya ɗauki shekara dubu ɗari yana ginuwa bai kamata a yi masa gaggawa ba.

Ɗan_Mabera:

Baba na ji kuma na riƙe. Malama maganar marinan nan ta shiga raina, in Allah Ya kai mu aji huɗu ina iya yin furojet a kai, in ɗebo ruwan rami in rena abin da ka ciki? Ko kayan aikin sun hi ƙarhinmu?

Malamar_Lab:

Ƙwarai za ka iya, kuma ba ya buƙatar kaya masu tsada in masu shaƙar oksijin za ka fara da su. Ka nemi abincin reno na Horikoshi, sunan masanin Japan ne da ya yi fice a kan masu son kaifi, gulukos ne da fefton da ruwan yis da ɗan gishirin fosfet da magniziyam, sai sodiyam kabonet kashi 1 cikin 100 wanda zai kai maka pH wajen 10. Ka dafa kabonet ɗin daban a otokilab, tukunyar turirin nan mai kashe ƙwayoyi, sai sun ɗan huce ka haɗa, in ka dafa su tare sukarin zai ƙone abincin ya yi duhu ya lalace. Ka ɗebi ruwan sama daban, na tsakiya daban, lakar ƙasan rami daban, a kwalabe masu tsabta da murfi, ka auna pH da zafi nan take a bakin ramin kafin ka taho. Ka haɗa da jar kanwa da farar kanwa daga kasuwa don kwatantawa. Kuma ka fara zuwa ka gaida sarkin marina ka yi masa bayanin abin da kake so, ka tambaye shi kwana nawa ramin ya yi da abin da aka zuba masa, ka rubuta, don ramin da aka haɗa jiya da wanda ya nuna ba ƙwayoyi ɗaya za ka samu a cikinsu ba. In lokacin ya yi ka turo min saƙo ta akwatin zauren nan in duba maka tsarin kafin ka kai wa malaminka.